HAKKIN DABBA DA HAKKIN TALAKA A FADAMAR RIMA

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da bazara, sa'ad da shinkafar rani ta fid da kai, in ya ratsa Ambursa ya gangara fadama, zai tarad da yara tsaye bisa rumfuna tun rana ba ta fito ba. Wani na kaɗa gwangwani, wani na jan igiyar da aka rataya wa tsummoki, wani na jifa da majajjawa, suna ta ihu har muryoyinsu su dushe. Abin da su ke kora kuwa ɗan tsuntsu ne wanda bai kai rabin ƙwan kaza nauyi ba, watau jan-baki. Da yawa cikin yaran nan 'yan makaranta ne, na allo da na boko, amma a kwanakin nan malami ba ya ganinsu, domin uba ya san in aka bar gona yini guda babu mai tsaro, to, wahalar wata huɗu ta tafi a banza.

Can bisa tudu, gefen garin, ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello. Daga nan ne ƙaramin jirgin feshi kan tashi a shekarun da tsuntsu ya yi yawa, ya bi makwantan jan-baki da almuru yana zuba musu guba. Manoma kan yi murna in sun ji ƙararsa. Masu kula da namun daji kuwa ransu kan ɓaci, don sun san gubar ba ta tambayar sunan tsuntsu kafin ta kashe shi.

Kuka biyu ke nan a fadama guda. Manomi da masunci suna cewa doka ta tsare dabba ta bar mutum. Masana suna cewa in aka ci gaba haka, jikoki ba za su san dorina da gauraka ba sai a tatsuniya. Wanda ya saurari kukan biyun da natsuwa zai ga tushensu ɗaya ne: dabbar dawa ba ta tsaruwa a ƙasar da ba a biya wa maƙwabcinta bukatunsa ba.

YADDA FADAMA TA SAKE

Ambursa tsohon gari ne. A ƙarni na 19 ribaɗi ce ta Gwandu mai fuskantar Kabawan Argungu, har sarakunan Gwandu suka zauna cikinta kafin sarauta ta koma Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa. Arzikin garin tun can fadama ce. Gulbin Rima, bayan ya haɗu da na Sakkwato, yakan biyo ta Argungu ya wuce Ambursa da Birnin Kebbi, har ya je ya faɗa Kwara. Da damina yakan cika ya batse, ya malale fadama mai faɗin mil da yawa, sa'an nan ya janye a hankali ya bar laka mai albarka da tafkuna cike da kifi.

A kan wannan cika da janyewa rayuwar kowa ta dogara. Kifi kan bi ambaliya ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. In ruwa ya ja, Fulani su kawo shanu su ci burgu, masunta su shiga tafkuna da homa da gora, manoma su yanke shinkafarsu. Dinya da kirinjijiya da shamuwa da gauraka kan sauka a gefen tafki, kada na kwance a gurbi, dorina da ayu suna can inda ruwa ya yi zurfi. Kowa da lokacinsa, kowa da wurinsa, shi ya sa karo bai cika yawa ba.

Sai aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978, aka kuma gama ta Goronyo a kan Rima a 1984. Madatsun nan sun yi amfani ga noman rani a inda su ke, amma sun rage ambaliyar da ke saukowa fadamun da ke ƙasa da su, kifi ya rasa wurin haihuwa, tafkuna da dama suka cike da yashi. Wata shekara kuma ruwan kan zo gaba ɗaya ya yi ɓarna, kamar yadda aka gani a 2010 da 2020, lokacin da gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa suka nutse a Jihar Kebbi.

Jama'a kuma ta ƙaru. Ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Nijeriya, noman rani ya bunƙasa ƙwarai, injin ban-ruwa ya shiga ko'ina. Alheri ne babba, mutane da yawa sun gina gidaje sun yi aure da kuɗin shinkafa. Sai dai gona ta matsa har bakin gulbi, ta cinye burgun da dabba ke kiwo, ta toshe burtalin shanu. Dabbar da aka nome wa makiyaya, ina za ta nufa in ba gonar ba?

JAN-BAKI DA JIRGIN FESHI

Masana sun ce babu tsuntsun dawa a duniya da ya kai jan-baki yawa, har ana ƙiyasta su wajen miliyan 1,500 a Afirka. Guda ɗaya kan ci hatsi kamar giram 10 a yini, watau garke mai miliyan 2 zai iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi, buhu 200 ke nan mai cin kilo 100. Abincinsa na asali 'ya'yan ciyawar dawa ne. Sa'ad da wannan ya ƙare a ƙarshen rani, ko ya tsiro da farkon ruwa, sai ya juyo kan shinkafa da gero da dawa. Shinkafar rani kuwa tana nuna daidai lokacin da dawa ta ke fayau, ga ta kore shar a bakin ruwa, tamkar an shimfiɗa masa walima.

Maganin da aka daɗe ana fesa wa jan-baki a ƙasashen Afirka sunansa fentiyon. Yana kashe shi da gaske, amma yana kashe belbela da shaho da mujiya da duk tsuntsun da ya kwana kusa, har da waɗanda suka ci mushen daga baya. Shaho da mujiya kuwa su ne masu rage ɓera da gafiya a gona. Makwancin jan-baki galibi cikin kyauro ne a bakin ruwa, inda shanu ke sha, inda kuma masunta ke kafa taru. In ba a yi shela ba, da safe yara kan tsince tsuntsayen da suka zube su kai gida a soya, ba su san guba suka ɗauko ba.

Kuma feshi bai taɓa ƙarar da jan-baki ba. Tsuntsu ne mai yawo tsakanin ƙasashe, yana bin ruwan sama, yana haihuwa da sauri. A kashe miliyan bana, baɗi wani miliyan ya ƙetaro daga Nijar ko Binin. A yankin Tafkin Chadi akwai masu sana'ar kama shi da raga cikin dare a makwancinsa, su fige su soya ko su busar, su kai kasuwa. A can annoba ta zama abin miya, ta zama kuɗi, ba tare da an zuba wa ruwa guba ba. Abin da manomin fadamar Rima ke nema shi ne taimako ya zo kan kari, kafin tsuntsu ya gama da gona. In aka nuna masa hanyar da za ta tsare shinkafarsa ta kuma mai da ɗansa makaranta, ba zai dage sai an yi feshi ba.

DORINAR YAWURI DA GIWAYEN KOKO-BESSE

In mai karatu ya bi gulbin nan ya gangara har inda ya faɗa Kwara, ya ci gaba kudu, zai kai Yawuri, inda dorina ba ta ƙare ba. A shekarar 2024 wata dorina ta addabi mutanen wurin, ta kashe wani masunci, tsoro ya hana mutane shiga ruwa da zuwa gonakin bakin kogi na makonni. Daga bisani hukuma ta ba da izini, mafarauta da Sarkawa suka fita da jirage da zaguna, suka kashe ta cikin watan Oktoba, aka yi murna a gari, aka raba naman. Labarin ya kai har ƙasashen waje, masu kishin namun daji suka nuna baƙin cikinsu.

Mai adalci ba zai zargi mutanen Yawuri ba. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa, wanda kuma tukunyarsa ta kwana uku ba ta hau wuta ba don ba shi da halin shiga ruwa, ba wa'azin tsare dabba ya ke jira ba. Amma kuma masanan ba ƙarya su ke yi ba. Tun 2006 aka sa dorina cikin jerin dabbobin duniya da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Macen takan yi ciki wata 8, ta haifi ɗa guda, ba ta sake haihuwa sai bayan kamar shekara biyu, saboda haka garken da aka rage ba ya cikowa da wuri. Har ila yau dorina tana yi wa masunci aiki bai sani ba. Da dare takan fito ta ci ciyawa wajen kilo 40, da rana ta koma ruwa ta yi kashi, kashin nan ya ciyad da ƙananan halittun da kifi ke ci. Hanyoyin da ta ke tattakawa cikin ciyawa su ne kan zama magudanan da kifi ke bi zuwa tafkuna.

Dorina ba ta cin nama, ba ta farautar mutum. Takan yi faɗa in an shiga tsakaninta da ruwa, ko an kusanci ɗanta, ko jirgi ya ratsa gurbin da namiji ke tsaro. Tsofaffin Sarkawa sun san wannan sarai, sun san gurabunta da lokutan fitarta. Abin da ya sake shi ne yanzu gona ta kai bakin gurbin, ciyawar gaɓa ta zama shinkafa, dole kullum a haɗu.

Giwaye ma sun taɓa gwada mutanen jihar. A 2018 wasu suka ɓullo yankin Koko-Besse da Bagudo, ana kyautata zaton sun ƙetaro ne daga gandun dajin da ke kan iyakar Binin da Nijar. Sun shiga gonaki sun yi ɓarna, amma mutanen ƙauyuka suka kai kuka ga sarakunansu maimakon su ɗauki bindiga, gwamnan lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, ya yi kira kada a taɓa su. Wannan ya nuna talaka ba maƙiyin dabba ba ne. Yana iya haƙuri in ya ga shugabanni sun zo sun tsaya tare da shi.

DOKA TANA NAN, MAI TSARONTA FA?

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Turawa sun kafa ta tsare namun daji tun 1916, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, Gwamnatin Tarayya ta fito da Doka mai lamba 11 ta 1985 wadda ta hana farauta da cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka kuma ƙara mata tsanani a 2016. Amma doka a takarda ba ta hana dorina shiga gona, ba ta kuma cika rumbun wanda aka cinye wa hatsi. Talaka ya san abin da doka ta hana shi. Abin da bai gani ba shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa ran da dabbar da aka tsare ta yi masa ɓarna.

Bukatun mutanen bakin gulbi ba boyayyu ba ne, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ƙauyen da ba shi da rijiyar burtsatse, matansa da yaransa dole su sauka gulbi safe da yamma ɗibar ruwa da wanki, daidai lokacin da kada da dorina ke motsi. Ƙauyen da ba shi da gada ko mashigi mai kyau, dole a loda mutane da kaya cikin kwale-kwale babu rigar ceto. Haɗarin jirgin ruwan da aka yi kusa da Wara, ƙasar Ngaski, cikin Mayu 2021, inda mutum fiye da 100 suka halaka ko suka ɓace, ya isa shaida cewa rashin kula da sufurin ruwa ya fi kowace dorina kisa. Manomin da kububuwa ta sara cikin gona, in ɗakin shan maganin garinsu ba shi da allurar dafin maciji, kuma hanyar mota ta yanke da damina, ransa na hannun Allah kafin a kai shi babban asibiti. Mutumin da ke zaune cikin wannan hali, duk abin da ya motsa a dawa abokin gaba ya ke ganinsa.

ABIN DA GARI YA RASA DA TAFIYAR UNGULU

Akwai kuma wata fuska ta zancen wadda mutanen cikin gari ba su cika lura da ita ba, watau dabba ita ma tana yi wa unguwa hidima. Dattawan Birnin Kebbi da Argungu sun san zamanin da ungulu ke jere bisa katangar mahauta da rassan kuka a bakin kasuwa. Da an zubad da tumbi ko jaki ya mutu a bayan gari, kafin azahar sun share wurin, babu albashi babu fansho. Cikin ungulu yana narkad da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, don haka cutar kan tsaya nan.

Yau yaro kan girma a garuruwan Arewa bai taɓa ganin ungulu ba. Masu tsibbu suna sayen kanta da ƙwanta da gashinta da tsada, masu kamu suna sa mata guba a nama, manyan itatuwan da ta ke sheƙa an sassare. A 2015 aka sa ungulun gida cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa ƙaf. Ƙasar Indiya ta riga ta ɗanɗana wannan. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da a ke yi wa shanu, mai suna dikilofenak, ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa naka ruwa. Aikin da ungulu ke yi kyauta yanzu ya koma wuyan ƙaramar hukuma, da motar kwasar shara da ma'aikatan duba-gari, kuma kowa ya san sau nawa a ke ganin motar a unguwa.

DARASIN MATAN FADA

Ba sai an je nesa neman misalin tsaron da ya yi nasara ba, yana nan Argungu. Tun zamanin da Kabawa ke mulki daga Surame, birnin Kanta, suna da al'adun ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, wanda shi ne buɗe lokacin su. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, akwai gurabun da ba mai jefa taru cikinsu sai an ba da izini. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye.

Abin lura shi ne, ruwan Matan Fada a tsare ya ke duk shekara. Masunci yana wucewa ta wurin da yunwa a gidansa, ya san akwai giwan ruwa a ciki, amma ba ya jefa homa. Me ya hana shi? Na ɗaya, ya san mai tsaron, ɗan garinsu ne, ya gāji aikin daga kakanni. Na biyu, ya san ranar buɗewa tana zuwa, kuma da shi za a shiga. Na uku, ya ga amfanin da idonsa: kifin da aka bari ya girma, har a bikin 2020 aka fid da wanda ya kai kilo 78, baƙi sun cika gari, mai masauki da mai tuwo da mai kwale-kwale kowa ya samu. Da bikin ya tsaya bayan na 2009, sai a 2020 aka sake yi, saboda rashin tsaro da ƙarancin ruwa a gulbi, mutanen Argungu sun ji a aljihunsu, sun gane lafiyar gulbi lafiyar kasuwarsu ce.

A ɓangaren Gwandu ma akwai gadon ilmi kan wannan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi kan hukuncin ƙasa mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin yadda a ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da hurumin da a ke keɓewa don amfanin jama'a, wanda ba a yarda mutum ɗaya ya shinge shi ba. Malamai kuma sun sha karantad da labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, da na wanda aka gafarta wa don ya shayad da kare. Shari'ar da ta koyad da wannan ita ce ta halatta kashe dabbar da ta zama mai cutarwa. Ashe auna hakki biyun nan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu da Kabi.

RAƘUMAN DAWA NA KURE

Ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar, akwai wani misali da ya cancanci a duba. A yankin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, nan ne raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 an ƙidaya su 49 kacal a duniya duka. Ba cikin shinge su ke ba, cikin gonakin Zabarmawa su ke yawo, suna cin wake da mangwaro, manoma suna kuka kamar yadda na Rima ke yi.

Gwamnatin Nijar ta hana kashe su da gaske, amma ba a tsaya nan ba. Ƙungiyoyin da ke kula da su suka haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, suka ba mata rancen sana'a, aka ɗauki samarin wurin aikin ja-gorar baƙi. Da manomi ya ga rijiyar garinsu albarkacin raƙumin dawa aka haƙa ta, sai ya zama shi ne mai kai rahoton maharbi. Cikin shekara 20 da 'yan kai adadinsu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a yankin Maraɗi don su kafa sabon garke. Harin da 'yan bindiga suka kai Kure cikin Agusta 2020, inda aka kashe mutum 8, ya kori baƙi ya rage wa mutanen wurin samu, abin da ya tuna wa kowa cewa zaman lafiya shi ne farkon hidimar da mutum da dabba ke bukata wurin hukuma.

ABIN DA YA KAMATA

Abubuwan da za su raba wannan gardama a fadamar Rima ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha da masarautu ba, in sun haɗa kai. A keɓe hurumi a gaɓar gulbi inda dorina ke fita kiwo, a bar mata burgu, hakimi da Sarkin Ruwa da malamin gona su auna iyakar tare da masu gonakin. Dorina ba ta iya tsalle, rami mai zurfi ko shinge mai ƙarfi kan tare ta, aikin gayya ne in an taimaka da kayan aiki. Wanda dabbar da doka ta tsare ta yi wa ɓarna a auna asararsa a biya shi kafin damina ta kewayo, domin diyyar da ta makara ba ta hana ɗaukar zago. Dabbar da ta riga ta saba da kisan mutum kuwa, masana su zo da sauri su yanke hukunci a kanta ita kaɗai, kada a bar gari cikin tsoro har fushi ya faɗa kan garke duka.

Kan jan-baki, manoman fadama guda su daidaita lokacin shuka don shinkafa ta nuna tare, ɓarnar ta rarrabu, kada ta taru kan mai gona ɗaya. A koya wa samari kamu da raga. In feshi ya zama dole, a yi shela a masallatai da kasuwanni da rediyo tun kwana biyu kafin jirgi ya tashi daga Ambursa, a janye shanu daga mashaya, a tattara mushen a binne. A kama masu cinikin ungulu a kasuwa, a bar manyan itatuwan bakin mahauta a tsaye.

Sa'an nan a fara da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dabba wajen rabon rijiyar burtsatse, da rigunan ceto, da allurar dafin maciji, da gyaran hanya, a kuma gaya musu a fili cewa saboda amanar da su ke riƙe wa jiha ne aka fara da su. Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Arɗo su sami kujera a duk majalisar da za a yi maganar gulbi, don su ne za su kwana a wurin bayan manyan baƙi sun koma birni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron da ke bisa rumfa a fadamar Ambursa yana kaɗa gwangwani, shi zai gāji gulbin nan. In ya girma yana ganin hukuma ba ta tunawa da garinsu sai ran da za ta hana wani abu, zai kashe duk abin da ya taɓa masa gona, doka kuwa ba za ta gan shi ba. In ya girma yana shan ruwan rijiyar da aka haƙa albarkacin dabbar da ubansa ya ƙyale, zai tsare ta kamar yadda masuncin Argungu ke tsare Matan Fada, ba tare da an sa masa ɗan sanda ba. Allah ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, ya sa albarka a gulbi da gona, amin.